Gaɓar da Maza Ba Sa Ambata

Miza tana cikin ruwa har gwiwa, tana ɗaure ciyawar teku a jikin igiya, ranar da labarin ya same ta. Ɗago kan da za ta yi sai ta hango ƙanenta Jecha ya shigo ruwa da takalminsa na fita, ko wandonsa bai naɗe ba. Tun kafin ya iso ta saki igiyar.

"Yaya, fito mu je gida."

"Faɗa mini a nan."

"Ki dai fito tukuna."

"Jecha, ni na goya ka. Faɗa mini."

Pandu ne, mijinta. Ya kai kifi wurin gwanjo a birni, ya sauke kwando, ya dafe ƙirji, ya zauna a ƙasa kamar mai son ya ɗan huta. Bai sake tashi ba. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Washegari tana zaune a ɗaki, masunta suna zaman makoki a bayan katanga, ta ji suna zancensa. Ashe ciwon ya daɗe. Wani lokaci har kwanciya yake yi a cikin kwalekwale sai abin ya lafa, sannan ya ja musu kunne kada wanda ya kai magana gida. Kowa a bakin ruwa ya sani. Ita da take dafa masa shayi kullum, take wanke rigunansa, ita kaɗai ce ba ta sani ba.

Ta buɗe baki za ta yi ihu, sai gwaggon Pandu, Mboja, wadda muke ce wa Bi Mboja don girmamawa, ta damƙe mata wuyan hannu. Tsohuwa ce, amma hannunta kamar na maƙeri.

"Ba yanzu ba, 'yata. Adana shi. Akwai wurinsa."

Miza ta san wurin, duk macen garin Uzimbe ta san shi. A garinmu mai takaba ba ta fita, ba ta ɗaga murya, namijin da ba muharraminta ba ba ya ganin fuskarta. Ranar da takabar ta cika, da safe, daidai lokacin da ruwa ya fara janyewa, manyan mata sukan kai ta wata 'yar gaɓa a arewacin gari, wadda duwatsu suka rufe ta hagu da dama. A can za ta tuɓe, a yi mata wanka, ta jefa zanen takaba ruwa ya tafi da shi. Daga nan matan su juya baya, su ja nesa, su bar ta da mamacin. Ta faɗa masa duk abin da ke ranta. In zagi ne ta zage shi, in kuka ne ta yi har ta ƙoshi. Miza ta raka mahaifiyarta lokacin tana sabuwar amarya. Matar da ba a taɓa jin muryarta a tsakar gida ba, ran nan ta yi ta kwarara wa mijinta faɗa har muryarta ta dushe, sannan ta fito daga ruwa ta ce yunwa take ji.

Maza sun san da wurin, amma ba sa ambatarsa. Masunci in ya zo wucewa ta nan a kwalekwale, sai ya mai da fuskarsa wajen babban teku har ya wuce duwatsun.

Miza ta adana. Kullum abin faɗa yana ƙaruwa. Ta gano kwalbar magani a cikin tsohuwar ragarsa, ta ƙara a kai. Rufin ɗaki ya fara yoyo a inda ya yi ta cewa zai gyara, ta ƙara.

Takabar ta kusa rabi, Jecha ya shigo da rogo da kwakwa biyu, ya ajiye, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"An kafa alluna a kan titi," in ji shi. "Na 'yan yawon buɗe ido. Masu launin ƙasa-ƙasa."

"Allah ya ba su sa'a."

"Ɗaya a mararrabar masallaci. Ɗaya wajen islamiyya. Ɗaya kuma..." Ya dubi kajin da ke kiwo a tsakar gida. "Can arewa. Bakin 'yar hanyar nan."

"Wace 'yar hanya?"

"Kin dai gane."

"Me ke jikinsa?"

"Hoton laima, da mutum yana iyo. Da kibiya."

Miza ta ajiye wuƙar da take feraye rogo. "Kibiyar ina ta nuna?"

Sai da ta matsa masa ya fayyace mata yadda aka yi. Bara mutanen birni sun zo da taswira, suka zauna da maza a gindin mangwaro, suna tambayar gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Wannan fa? Ta kwalekwale ce. Wannan fa? Ta masu ciyawar teku. Da yatsa ya sauka a kan waccan, wuri ya yi tsit. Can Sheha Vuai, mai garinmu, ya yi gyaran murya ya ce babu komai a wurin.

"Babu komai?"

"To, Yaya, me za mu ce? Ga liman zaune, ga surukai, ga mace a cikin baƙin."

"Pandu yana wurin?"

"Yana nan."

"Me ya ce?"

"Ƙasa ya duba, kamar kowa."

Wannan ma ta ƙara a kai.

Gari dai bai so allunan ba, har da waɗanda suke cin abinci daga hannun baƙi. Aka kai kuka, mutanen birni suka sa ranar zama. Miza tana ɗaki tana jin hayaniyar daga nesa, ƙafarta tana ƙaiƙayi. Ta riga ta yi wa Jecha huɗuba tun da safe: kalma huɗu ce ko biyar, ya tashi ya faɗa ya zauna.

Da yamma ya dawo yana murna. An yi nasara, in ji shi. Allon mararraba ya matse hanyar amalanken shanu, za a matsar da shi. Na islamiyya yana da hoton mace da kamfai, za a sauya shi. Mutanen birnin ma masu kirki ne, duk abin da aka faɗa suna rubutawa.

"Na arewa fa?"

"An yi maganarsa."

"Wa ya yi?"

"Ni. Na tashi na ce shi ma a cire shi."

"Suka ce me?"

"Suka ce saboda me."

"Ka ce me?"

Jecha ya sunkuyar da kai. "Na ce hanyar ba ta da kyau. Ƙaya, da duwatsu, kada baƙo ya ji ciwo."

Ba a yi mako biyu ba aka aiko da motar gyaran hanya. Daga ɗakinta Miza ta wuni tana jin rurinta. 'Yar hanyar da mata suke bi ɗaya bayan ɗaya, suna kauce wa ƙaya, ta koma yadda mota za ta shiga ta juya.

"Da ka yi shiru da ya fi," ta ce da shi. "Gemu har ƙirji, baki kamar na sabuwar amarya."

"Ke ki je ki faɗa mana!"

"Da zan iya fita, ka ga na aike ka?"

A zama na biyu mata suka tafi da kansu, suka zauna a baya kamar yadda aka saba, Bi Mboja a gabansu da sandarta. Miza tana ɗakinta ta ce a ranta yau kam magana ta ƙare. Tsohuwar da ta yi wa rabin matan gari wanka, wa zai tsare mata baki?

Bi Mboja ta dawo ta zauna a bakin ƙofa, ta jingine sandarta.

"Gwaggo, kin faɗa?"

"Na tashi. Na ce wurin nan na kakanninmu ne, tun kafin a yi titi, tun kafin a yi masallacin dutse."

"Sai me?"

"Sai wata yarinya cikin mutanen birnin ta hau tafi. Wai abin da suke nema ke nan. Wai baƙi suna son wurin tarihi."

"Gwaggo!"

"Surukaina biyu suna zaune, Miza, ga jikana yana kallon bakina. Na ɗauko maganar har nan," ta nuna maƙogwaronta, "ta ƙi wucewa."

Aka zo aka ƙara wani ƙaramin allo a ƙarƙashin babban, mai hoton tsohon tulu. Samari suka fusata, suka tumɓuke turken suka jefa a daji. 'Yan sanda suka zo suka tafi da biyu daga cikinsu, kwana biyu sannan aka sako su. Aka mayar da allon, wannan karon da siminti har gwiwa.

Masu ɗiban ruwa suna kawo mata labari. Jiya mota biyu, yau uku. Sun shimfiɗa tawul a kan dutsen da ake ajiye kayan wanka. Wata ta ce ta ga gwangwanin lemo a inda ake zaunar da mai takaba. Miza ta daina tambaya, amma ba su daina faɗa ba.

Da ranar ta matso, ta aika a kira mata Sheha Vuai. Ya zo ya tsaya a waje, ita tana ciki, katangar ganyen kwakwa a tsakaninsu.

"Bi Miza, ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri ya ƙare, Sheha. Ka buɗe kunnenka. Gaɓar nan da ka ce babu komai, nan ne matan garin nan suke tuɓewa tsirara ranar fita takaba. Uwarka ta tuɓe a can. Tawa ma haka."

"Subhanallahi! Rage murya, yara suna wucewa."

"Wata nawa ina rage murya? Ka rubuta musu yadda na faɗa."

"Ta yaya zan sa wannan a takardar hukuma? Maza ne za su karanta."

"Maza ne kuma za su zo kallo in ba ka rubuta ba."

Ta ji yana jan ƙafa a ƙasa. "Ni da shawara zan ba ki. Ruwan teku ai ruwan teku ne. A ɗebo miki bokiti biyu, ki yi a bayan ɗakinki cikin rufin asiri. Malamai ma sun ce wannan tafiyar ba dole ba ce."

"Ban ce dole ce ba. Kai in ka mutu, a bokiti matarka Bi Time za ta zage ka?"

Wani yaro da ke wucewa ya kwashe da dariya, Sheha ya daka masa tsawa. Ya ce zai duba.

Ya kuwa je birni, kada a ɗauki alhakinsa. Abin da ya faɗa musu Allah kaɗai ya sani, amma ga amsar da ya dawo da ita: an yarda a rufe gaɓar na safiya guda, in dai gari zai ba da rana da sunan bikin, don a manna sanarwa a otal-otal.

"A manna?" in ji Miza. "A rubuta cewa ranar kaza matar Pandu za ta tuɓe? Ka ce musu na gode."

Ranar ta zo da iska. Jecha da abokansa suka ɗauki benci suka gindaya a bakin hanya, ƙarƙashin allon, suka zauna bayansu ga teku. Duk motar da ta zo, su ce yau ba shiga. Da matan suka zo wucewa da Miza a tsakiya, lulluɓe, babu namijin da ya ɗaga ido. A nan ta fara ganin allon. Ya fi yadda take zato ƙanƙanta.

Suka gangara sabuwar hanyar. Miza tana jera maganganun a ranta: ciwon da farko, sai kwalbar, sai rufin ɗaki, sai duban ƙasan da ya yi a gindin mangwaro. Bayan su kuma akwai wasu da ba na faɗa ba ne, waɗanda ba za ta iya cewa a gaban kowa ba.

Suna karya kwanar dutse, matar da ke gaba ta tsaya cak.

Babu wanda ya yi tunanin za a iya shigowa ta ruwa. Wani ƙaramin jirgin otal ya shigo tun da sassafe ya sa anga. Turawa huɗu suna kan rairayi, miji da mata da wasu samari biyu, rediyo tana kiɗa a kan tawul. Matuƙin jirgin baƙo ne daga ƙetaren ruwa, ba ɗan tsibirinmu ba, yana zaune yana fasa musu kwakwa.

Bi Mboja ta nufe shi tana ɗaga sanda. "Kai ɗan nan, kwashe mutanenka ku tafi!"

"Ina kwana, Mama. Lafiya?"

"Ba lafiya ba. Wurin nan na mata ne yau."

"Ba a gaya mana ba, Mama. Ga shi a takardarmu, gaɓar kowa ce. Me za ku yi ne? Wanki? Ku yi abinku, ba za su dame ku ba."

Ya ce in sun yi haƙuri, kafin azahar za su tashi. Amma ruwa ya riga ya juya. Kafin azahar zai ja baya har bayan duwatsu, ya bar laka da ƙaguwa, babu abin da zai tafi da zane.

"Ko mu koma, gobe mu dawo?" wata ta ce.

"Gobe ma za su zo," in ji Miza. "Yau na cika. Ku kwance mayafanku."

Matan suka shiga ruwa har cinya, suka zagaye ta, kowace ta ɗaga kangarta, wato mayafin nan namu mai zane-zane, sama da hannu biyu, gefe yana haɗe da gefe. Ja, kore, ruwan ɗorawa, iska tana kaɗa su. Abin ya yi kyau, shi ne ma matsalar. Miza ta ji an kashe rediyo, ta ji muryoyi suna matsowa, da 'yar ƙarar nan ta kyamara. Bi Mboja ta leƙa ta watsa musu harara. Baturiyar ta sauke kyamararta ta ɗora hannu a ƙirji, tana murmushi, amma ba ta ja da baya ba.

Aka yi wankan a gurguje. Bi Mboja ta zuba mata ruwa a ka, ta ɗaura mata sabon zane, ta miƙa mata tsohon. Miza ta dunƙule shi ta wurga ta saman kangogin, wajen teku.

Yanzu ne ya kamata su juya baya su ja nesa. To, ina za su je? In suka saki, ta fito fili. Suka tsaya a inda suke, kamu ɗaya tsakaninta da su, suka kawar da fuska iyakar iyawarsu. Tana jin numfashinsu.

Ta fuskanci teku, ba ta ga teku ba, sai kanga mai zanen abarba.

"Pandu," ta ce.

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, irin ta ɗakin takaba. Ta ja numfashi ta sake gwadawa. "Pandu, kai..." Ɗaya daga samarin ya faɗi wani abu da yarensu, ɗayan ya yi dariya. Wataƙila ma ba ita suke yi wa ba. Iska ta fizge gefen wata kanga, mai ita ta yi salati ta cafko.

"Ki daure ki yi sauri, Miza," wata ta raɗa. "Hannuna ya mutu."

Ta tsaya baki buɗe. Maganganun suna nan, tana jin nauyinsu, amma sun ƙi hawowa.

Sai ga muryar matuƙin jirgi daga bayan kangogin, cike da murna.

"Mama! Mama! Zanenku ya faɗa ruwa, na tsamo muku!"

Ya taho yana ratsa ruwa, zanen takaba yana ɗiga a bakin gorarsa ta tuƙi, kansa a sunkuye don ladabi. Babu macen da ta motsa. Daga baya Bi Mboja ta fita ta karɓa, ta laluba dutse a ƙarƙashin ruwa, ta ƙulle shi a ciki, ta jefa iya ƙarfinta. Bai yi nisa ba ya nutse. Da ruwa ya gama janyewa, an ce ana hango shi kwance a laka.

"Mu tafi," in ji Miza.

A gida an dafa shinkafa da kwakwa, da kifi, maƙwabta sun cika tsakar gida suna yi mata barka da fita. Jecha ya zo da fara'arsa yana cewa mota biyar suka kora, ko ɗaya ba ta wuce su ba. Ta dube shi, ta ga yadda rana ta gasa masa wuya, ta ce Allah ya yi masa albarka. Aka zuba mata abinci, ta ɗan taɓa, ta ture.

Allon yana nan har yau. An sake yin zama a kansa sau biyu, an yi maganar ƙura, an yi maganar shara, an kawo ganga biyu na zuba gwangwani. Matar da ta fita takaba bayan Miza a bayan ɗakinta ta yi, da bokiti. Bi Mboja ba ta je ba, ta ce ƙafarta tana ciwo.

Miza ta koma gonarta ta ruwa. Hanyar gonar ba ta bi ta arewa ba, amma ita ta can take zagayawa. Kullum da safe takan tsaya a gindin allon, ta zaro jiƙaƙƙen buhu daga kwandonta, ta yi ɗage ta rataya shi a kan kibiyar, ta ja gefensa ya rufe har laimar. Kafin rana ta take tsaka wani zai sauke shi, ba ta san ko wane ne ba, direba ne ko mai rakiyar baƙi. Ba ya yar da shi. Yakan ninke shi ya ajiye a kan simintin, ya danne da dutse. In ta taso da yamma sai ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta sa a kwando.